Na Je Garwa Ɗauko Muryar Goggo

Tun da na dawo daga Garwa bakina bai huta ba. A ƙofar coci a tare ni, a kasuwar Jimeta a tare ni, har a layin masu jiran furta zunubi wata ta taɓo ni ta ce, "Lusiya, wai da gaske ne burodinsu ya kai tsawon hannu?" To, na gaji da maimaici. Ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya bar ni in sha ruwa.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce mai buga takardu a ofishin cocinmu. Sanarwar Lahadi, waƙoƙin Misa, katin baftisma, sunayen masu karatu, duk ta hannuna suke bi. Kwamfutata tsohuwa ce, ta girmi autana. Da can kullum cikin jinya take, yau ta kwashi cuta, gobe ta ce sai an biya kuɗin lasisi, har wata Sista da ta zauna da mu ta share komai ta sa mata Linux. Manhaja ce da mutane daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka gina, suka ce kowa ya ɗauka, ya kwafa, ya ba wani, in ya iya ma ya buɗe cikinta ya gyara. Tun daga ranar ni da tsohuwata muke zaman lafiya.

Abin da ya kai ni Kamaru kuwa waya ce daga Filomena, ɗiyar Goggo Marta, ƙanwar babana da aure ya kai Garwa tun ban zo duniya ba. Filo taubashiyata ce, ba ma gaisawa sai da tsiya. Amma ran nan babu wasa a muryarta. Maƙoƙon da ke wuyan Goggo ya girma, likita ya sa ranar aiki, ya kuma faɗa musu gaskiya cewa muryarta ba lalle ta dawo yadda take ba. A ƙaramin cocin unguwarsu, inda mutanen duwatsu suka taru kowa da yarensa, Hausa ce ta haɗa su, kuma Goggo ce mai ba da waƙa tun tana amarya. Wasu waƙoƙin ta gada wurin tsofaffin da suka rasu, wasu ita ta tsara. Ko ɗaya ba a rubuce take ba. Duk suna cikin maƙogwaronta, daidai inda za a sa wuƙa.

"Ke 'yar Najeriya," in ji Filo, "ki zo da akwatin nan naki ki ɗauki muryar Mama kafin a kai ta lopital." Haka suke ce wa asibiti.

Na ce, "Ita Goggon ta yarda?"

"Ke dai ki zo."

Da ina da wayo da na tsaya a kan wannan amsa. Ban tsaya ba, na nemi izinin Fada, na naɗe kwamfuta cikin zani kamar jaririya, na nufi tasha.

Motar da na samu ta ga duniya. Direban ya sa mu biyu a kujerar gaba, ni da wata mata mai ɗauke da kwanon daddawa, don haka duk wanda ya rungume ni a Garwa sai da ya tambaya ko miya na zo sayarwa. Ruwan farko ya sauka kwana kaɗan kafin tafiyar. Bayan mun bar kwalta muka iso wani rafi, direba ya leƙa ya ce ai wannan ba komai ba ne, jiya ma ya wuce. Muna shiga tsakiya mota ta zauna. Maza suka naɗe wando suka hau turi, mu mata muka tsaya a gaɓa muna ba da umarni, aikin da muka fi ƙwarewa a kai. Garin nuna musu inda za su sa dutse na zurma ƙafa cikin laka, ƙafa ta fito, takalmi ya ce shi ya iso gida. Haka na shiga Belel da takalmi ɗaya, na sayi silifas ɗin da ya fi ƙarfin ƙafata.

A iyaka namu suka duba takarda suka sallame mu. Can ɓangaren Kamaru wani jandarma dogo ya nuna ƙullin da na rungume.

"Madam, yaro ne?"

Na kwance zani. Ya ce in kunna. Da ta buɗe ya ga fuskar ba irin wadda ya saba gani ba ce, sai ya kira abokinsa, suka yi ta Faransanci a kaina. Can ya sa yatsa a kan hoton tsuntsun nan baƙi da fari, alamar Linux, da na manna a murfi.

"Wannan wace irin agwagwa ce?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, tsuntsun ƙasar ƙanƙara ne."

Ya dube ni, ya dubi rana, ya ce, "Kuma Garwa za ki kai shi? Madam, ba ki da tausayi." Suka fashe da dariya, ya miƙo mini takardata. Sai da muka yi nisa na gane ashe tun farko neman abin dariya suke yi.

Jandarman bai yi ƙarya ba. Na ɗauka mu mutanen Yola mun gama sanin zafi, ashe namu ƙanen na Garwa ne. Ga babura, moto suke ce musu, kamar an buɗe gidan tururuwa. Ni da na saba da keke mai ƙafa uku, na hau bayan wani ina riƙe da kwamfuta da hannu ɗaya, rigarsa da ɗaya, ina karanta "A gaishe ki Maryamu" a bayyane. Da muka isa ya ce, "Mama, useko, don Allah, addu'ar ta ishe mu mu biyu."

Filo ta tarye ni da irin gaisuwarsu ta goga kumatu, dama da hagu. Ni ban san ta wane ɓangare ake farawa ba, muka yi karo da goshi. Ta ce daman ta san ƙauyanci ba ya jin magani. Goggo ta fito daga ɗaki, ta rame, gyale naɗe a wuya, amma idon nan nata mai kaifi yana nan. Ta riƙe fuskata ta ce na ɗauko hancin ɗan'uwanta, sannan ta sa aka kawo mini tuwo da miyar folere, wato yakuwarmu ce aka canza wa suna, da kifin Binuwai. Kogi ɗaya muke sha da su, amma wallahi nasu kifin ya fi namu ƙiba, ban san me suke ba shi ba. Da safe kuma ga fanke da dafaffen wake, ga burodin nan da kuke tambaya. Gaskiya ne, ya kai tsawon hannu, kuma in ya kwana za ka iya korar ɓarawo da shi.

Da na tashi sa caji na tarar ramukan bangonsu biyu ne zagayayyu, filogina kuwa mai ƙafa uku ne. Filo ta yi dariya har da zama a ƙasa. Maƙwabciyarsu ce ta cece ni, Hajiya Dije mai sayar da atamfa, wadda kakanninta fatake ne daga Kano. Ta aiko da abin haɗawa, ta biyo bayansa da kanta don ta ga baƙuwa. Hausarta irin ta tsofaffi ce, tsaf, sai dai kafin ta kai ƙarshen magana ta jefa "wala" ko "dakor" na Faransanci. Ita da Goggo sun fi shekara talatin suna miƙa wa juna kwano ta kan katanga, na Sallah ya zo, na Kirsimeti ya je.

Washegari na ɗauko kwamfuta da ɗan makirufo na ajiye gaban Goggo. Ta dube su kamar na kawo mata mushe.

"Mene ne wannan?"

"Goggo, waƙoƙinki za mu ɗauka."

"Wa ya ce miki?"

Na waiwaya, Filo ta riga ta sulale kicin.

Sai Goggo ta ba ni labari. Shekarun baya wani mutum ya zo da rikoda da bakinsa mai zaƙi, ya ce zai adana waƙoƙin don 'yan baya. Suka yini suna yi masa. Bayan wata biyu aka ga kaset a kasuwa da hotonsa a jiki. Da matan wani ƙauye suka kwafa don su koya, ya aika musu da gargaɗi cewa kayansa ne. "Waƙar da na samu a bakin matattu kyauta," in ji Goggo, "ita aka sa wa kwaɗo. Duk abin da ya shiga cikin inji ya zama na mai inji. Gara su tafi da ni."

Na ce ni 'yarta ce, ba zan yi haka ba. Ta ce shi ma wancan "Mama" yake ce mata. Na ce manhajar da zan yi aikin da ita ma kyauta ce. Ta ce, "Banza ba ta kai zomo kasuwa, Lusiya. Ci abincinki."

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, na sani. Amma ranar asibiti tana matsowa, ni kuma hutun da Fada ya ba ni yana ƙarewa. Na bi ta lallashi, na bi ta fushi, na turo Hajiya, duk a banza. Da yamma in ji ta tana wanke-wanke tana rera wani abu ƙasa-ƙasa, da na matso sai ta yi shiru. Tsoro ya kama ni sosai. Na ga zan koma Jimeta da labarin burodi kawai, waƙoƙin kuma su bi wuƙar likita.

Ana haka sai ga Baba Katikis Bulus, mai kula da cocin unguwar, ya sauka daga moto rungume da kwamfutar ofishinsu, irin mai ƙaton akwati. Ya ji an ce mai gyara ta zo daga Najeriya. Muka zauna a inuwar dogon yaro a tsakar gida, Goggo na gefe tana tsinkar folere, ta ba mu baya.

Ya rage murya ya ce, "'Yata, ordinatar ɗin nan ta dame ni. Nauyi kamar jaki mai ciki. Amma ba shi ne babban abin ba. Wanda ya sa mana kayan cikinta ya ce na sata ne, an fasa makullinsu. To ni da nake koya wa yara kada ka yi sata, da ita nake buga darasin. Na kai maganar wurin furta zunubi har Mompe, Fadanmu, ya ce, Bulus, in ba ka da sabon zunubi ka ba na baya wuri."

Na danne dariya, don na ga da gaske abin yana cin sa. Na fito da filashina na ce zan sa masa irin tawa, da abin buga takardu da komai, kuma babu sata a ciki.

"Nawa ne lasisin?"

"Babu."

"To wa aka sata wa?"

"Ba kowa, Baba. Masu ita ne suka ce a ɗauka. Wani a wata ƙasa ya gina ɗaki, wani ya sa ƙofa, wani ya ga rufi na yoyo ya hau ya gyara. Sharaɗinsu shi ne, in ka gyara ka ba wani, kada ka kulle, ka bar shi a buɗe yadda ka same shi."

Na kwashe masa takardunsa gefe, na hau aiki. Madannansu ma a birkice suke, inda na saba samun wani harafi sai in tarar da wani, na yi ta buga shirme Baba Katikis yana gyara mini. Ban lura Goggo ta daina tsinkar ganye ba sai da na ji muryarta.

"Su masu ginin, wa yake biyansu?"

"Wasu ana biyansu a wurin aikinsu, Goggo. Da yawa kuwa don kansu suke yi, bayan sun tashi aiki."

"Sun san juna?"

"Yawancinsu ba su taɓa haɗuwa ba."

"Kuma in na ɗauka na ba Dije, Dije ta ba wani, ba mai aiko da gargaɗi?"

"Babu."

Ta juyo gaba ɗaya. "To ai wannan gayya ce. Tun farko me ya hana ki ce mini gayya ce, kika tsaya kina kyauta, kyauta? Kyauta ai ita mutumin nan mai kaset ya ce zai yi mana."

Goggo ta sha zuwa noma ƙauyen mijinta da damina, ta san gayya ciki da waje: yau a taru a gonarka, gobe a gonar wani, ba mai cewa kunyar da ya yi tasa ce. Ta goge hannu ta kafa mini sharuɗɗa, Baba Katikis ne shaida. Ba hoton kowa a jiki. Duk mai so ya kwafa. Wanda ya ga baitin da zai ƙara ya ƙara, wanda zai juya ta zuwa yarensa ya juya, don ita ma haka ta yi da na tsofaffi. Amma kada wani ya ce tasa ce shi kaɗai. Na ce akwai irin wannan izini a rubuce da ake liƙa wa aiki. Ta ce in rubuta abin da nake so, ita dai da bakinta za ta faɗa a farkon ɗauka, kowa ya ji.

Samun wurin ɗauka ya zama wani aikin. A tsakar gida moto ba sa barin mu, a ɗaki zakaran gidan ya ɗauka gasa ake yi. A coci kuwa rufin kwano yana mayar da murya biyu. Hajiya Dije ce ta ce mu zo ɗakin ajiyarta. Atamfofi ne jibge har rufi ta kowane gefe, ka yi magana ka ji ta tsaya cak, babu amsa-kuwwa. Goggo ta ce ita ba ta iya waƙa ba amshi, aka kira matan zumunta suka cika ɗakin, aka rufe ƙofa, aka kashe fanka don ƙararta. Zufar da muka yi a wurin, Allah kaɗai ya sani. Hajiya tana bakin ƙofa tana korar yara tana miƙo ruwan sanyi. In ladan ya kira salla Goggo ta ɗaga hannu ta ce, "A bari su gama tasu," mu sha iska, Hajiya ta idar mu koma.

Muryar takan gaji, maƙoƙon yana danne ta, sai ta tsaya ta kurɓi ruwan ɗumi. In ta yi tari a tsakiya na nuna mata yadda nake yanke wurin a manhajar ɗaukar murya, ta ce ashe har tari ana yi wa kaciya. Na waƙoƙin shiga, na miƙa baiko, na Azumi, na jana'iza, haka muka bi su yini bayan yini. Rannan ta ɗauko wata ta Maryamu, sai na ji ashe ita ce babana yake yi da hanci in yana gyaran kekensa, ban taɓa sanin tana da kalmomi ba. Na kifa kai a kan atamfar Hajiya na yi kuka mai isata, mata suna amshi a kaina.

Da muka gama na ce to alhamdu lillahi, sai shirin gida. Goggo ta ce wane gida, ba a ciyar da masu gayya ba?

Na ce, "Goggo, mutanen nan suna warwatse a duniya, ko sunansu ban sani ba."

"An yi miki aiki kin ci moriya, ki share baki ki tafi? Ba a gidanmu ba."

Ta aika Filo wurin Fadan cocinsu ta sa a yi Misa dominsu. Na ce wasunsu fa ba Kirista ba ne, wasu ma ba su yarda akwai Allah ba. Ta ce, "Wanda ya zo miki gayya da fartanyarsa, cocinsa kike tambaya?"

Ranar Lahadi, bayan an ambaci marasa lafiya da waɗanda suka rasu, Fada ya gyara tabarau ya karanta da Hausarsa mai ƙamshin Faransanci: "Domin mutanen da suka gina abin da ke cikin kwamfutar Lusiya, ba mu san su ba, Allah ya san su." Coci ya amsa da ƙarfi, har da waɗanda ba su san me ake nufi ba. Baba Katikis kuwa ya fi kowa ɗaga murya. Bayan Misa aka sauke tukwanen da Goggo ta sa aka dafa, tunda masu gayya ba su samu zuwa ba muka ci a madadinsu, kuma ba mu ba su kunya ba. Nan mutane suka yi layi da wayoyi da katin waya, na kwafa wa na farko, na nuna wa Baba Katikis yadda ake yi, kafin la'asar waƙoƙin suna tsallakawa daga waya zuwa waya ba tare da ni ba.

Ban samu tsayawa ranar aikin ba, hutu ya ƙare. Goggo ta raka ni bakin titi ta cusa mini busasshen kifi da burodi biyu, waɗanda na shigo da su Jimeta a kafaɗa kamar mai dawowa daga farauta. Dawowar lafiya lau, rafin ya janye, ban ga takalmina ba.

An yi aiki, an cire maƙoƙo, Goggo ta tashi. Muryar ce ba ta dawo ba. Filo ta ce tana magana, amma kamar mai raɗa, waƙa kuwa babu ita. Na yi kwanaki ina jin nauyin kiranta, don ban san me zan ce ba. Sai ita ta kira ni. Na shige ofis na rufe ƙofa, na danna waya a kunne don in ji ta.

"Lusiya, jiya na dawo daga lopital a kan moto. Yaron ya kunna waƙa a wayarsa, yana bi yana ɓata baiti. Na saurara, sai na ji ta Maryamun nan ce."

"Taki, Goggo?"

"Tawa. Na taɓa shi na ce, ka san mai waƙar nan? Ya ce a'a, wani ne ya tura masa. Na ce ni na san ta, wata tsohuwa ce mai faɗan tsiya. Ya ce, haba Mama, mai wannan murya ba za ta iya faɗa ba."

Na ji Filo tana ƙyalƙyala dariya a bayanta. Ni ma na yi, hawaye na zuba.

"To kin gaya masa ke ce?"

"Ina fa. Da wace muryar zai yarda?" Ta huta, sannan ta ce, "Mun iso ƙofar gida waƙar ba ta ƙare ba. Sai na ce masa ba nan ba ne, ya ci gaba."